Yaranmu na da numfashi, amma kullum ana riga su kai ƙafa ga ƙwallo

Koci Ɗan Taura: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wajen manya. Yaran da nake horarwa 'yan shekara 15 zuwa 19 ne, kuma in dai numfashi ne ba na jin akwai ƙungiyar da ta fi su a yankinmu. Bayan sallar asuba mu kama titin Gujungu da gudu, da yamma kuma sai sun zagaya fili kafin su taɓa ƙwallo. Su buga minti 90 ko a jikinsu. Amma da zarar ƙwallo ta faɗo tsakanin yarona da na abokan karawa, sai ka ga nasu ya riga kai ƙafa. Ɗan bayana kuwa in aka yanke shi, kafin ya juyo an ba shi taku uku. Ga gasar bayan kaka tana matsowa. Wani ya ce in sayo tsanin igiyan nan da ake shimfiɗawa a ƙasa ana tsallake-tsallake a ciki. Yana da amfani ko asarar kuɗi ce?

Baban Hanifa: Wa alaikumus salam Koci. Kada ka wahalar da kanka, gudu baiwa ce, wanda Allah ya ba wa ya ba wa. Ahmed Musa da ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar wasa ɗaya, a kasuwa ya sayo ƙafar? Ka sake kallon ƙwallo ta biyu da ya ci Iceland a 2018, yadda ya bar ɗan bayansu yana haki, ya yanke gola, sannan ya natsu ya buga. Ko Tijjani Babangida ranar da ya zura wa Afirka ta Kudu biyu a Legas a 2000. Irin wannan da shi ake haihuwar mutum. Ka shiga ƙauyukan gefenku ka nemo yara masu ƙafa kawai.

Lamba Bakwai: Oga Koci ka sayo tsanin wallahi. Duk manyan kulob ɗin Turai suna yi, kullum ina gani a YouTube. Ƙafa har ba ka ganinta don sauri.

Malamin Wasanni Kazaure: Koci, riƙe kuɗinka tukuna. Abu uku muke cakuɗawa a nan: numfashi, gudu, da zafin nama. Numfashi ka koya wa yaranka, kuma sun koya. Jiki abin da aka saba masa shi yake bayarwa. Wanda kullum yake sassarfar kilomita 5 zai zama gwanin sassarfar kilomita 5, shi ke nan. A fili kuwa gudun da ke raba gardama yawanci bai kai mita 20 ba. Sakan 2 ne zuwa 3, wani lokaci ma taku huɗu ne an gama magana.

Baban Hanifa bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa. Tsokar mutum na da zare iri biyu, akwai mai juriya marar sauri, akwai mai fizga wanda ke saurin gajiya, kuma gado na da babban hannu a yawan kowanne a jikin mutum. Shi ya sa ba kowa zai zama Ahmed Musa ba. Sai dai yaron da bai taɓa yin gudu iya ƙarfinsa jikinsa na huce ba, shi kansa bai san abin da Allah ya ba shi ba. Ƙwaƙwalwa ce ke aika wa tsoka saƙo ta jijiya, kuma wannan aiken ana koyonsa: zare nawa zai amsa kira lokaci guda, kuma da wane sauri.

Inda kociyoyinmu suka fi baro ta shi ne hutu. Makamashin da jiki ke amfani da shi a tashin farko ajiye yake cikin tsokar kanta, fosfokiriyatin ake ce masa. Kamar ƙaramar randa ce: in ana gudu iya ƙarfi, cikin kamar sakan 10 ta kusa ƙafewa, kuma sai an ba ta wajen minti 3 kafin ta kusa cika. To kai ka sa yaro ya zagaya fili har harshe ya fito, sannan ka hura usur ka ce a yi gudun sauri sau goma babu tsayawa. Na farko da na biyu ne kawai gudun sauri, sauran duk koyon gudu a gajiye ne.

Koci Ɗan Taura: Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma yaro ya yi gudun sakan 3 sannan ya tsaya hutun minti ɗaya ko biyu? Alhajin da ke saya mana riguna yakan leƙo atisaye. In ya tarar da yara tsaye riƙe da ƙugu, cewa zai yi hira muke zuwa yi. Mu a nan gumi ake dubawa. Su kansu yaran in ba su jiƙe sharkaf ba gani suke ba a yi komai ba.

Malamin Wasanni Kazaure: Sai ka riƙa gayyatar Alhaji ranar atisayen numfashi, ya ga gumi hankalinsa ya kwanta 😂 Ban ce a daina dogon gudu ba, ɗan ƙwallo na buƙatarsa. Cewa na yi kowanne a ba shi lokacinsa, kuma aikin sauri shi ne na farko bayan an ɗumama jiki, ba bayan an gama tatse yaro ba.

Tsohon Gola: Ku ba ni dama in shigo ta gefen ido, don duk maganar ƙafa kuke yi. Na tsaya a raga tun muna buga ƙwallon tsumma har gwiwa ta ce ta gaji. Daga inda ake ajiye ƙwallon fenariti zuwa layin raga mita 11 ne, faɗin raga kuma mita 7.32. In ɗan wasa ya saki ƙafa sosai, ƙwallon ba ta kai rabin sakan a hanya. Mutum kuwa daga ya ga abu zuwa ya fara motsi, ya cinye wajen sakan 0.2 ko fiye, bai ma bar ƙasa ba tukuna. Ke nan golan da ya jira ya ga inda ƙwallo ta nufa, daga cikin raga zai ɗauko ta. Abin da muke kallo shi ne ƙafar da mai bugu ya dasa a gefen ƙwallo, ina yatsunta suka dosa, ƙugunsa ya buɗe ko ya rufe, ya taho a karkace ko a miƙe. Sai 'yan kallo su ce gola na da zafin nama, alhali riga su gani ya yi.

Haka abin yake ga ɗan bayanka Koci. Ina kyautata zaton ƙafar ɗan gaba yake kallo tana rawa a kan ƙwallo. Ƙafa tana ƙarya, kai yana ƙarya, amma ƙugu da wuya ya yi ƙarya, inda ya juya nan mutum zai bi. Sannan ka duba tsayuwarsa. Yawancin yaranmu tsaye suke ƙiƙam, ƙirji a gaba, nauyi a kan diddige, ƙafafu a jere. Mai irin wannan tsayuwa ko barewa ce sai an wuce shi. Ya rusuna kaɗan, ya ba da gefe, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, nauyi a kan tafin gaba. Da wannan kaɗai zai dawo da taku ɗaya daga cikin ukun da ake ba shi.

Baba Mai Kara (jikansa ne ke rubutawa daga bakinsa): Ina gaishe ku 'ya'yana. Wannan yaro mai tsaron raga ya san abin da yake faɗa. A dambe wanda ya tsura wa hannun kara ido shi ake kashewa, don hannu in ka ga ya taso to ya riga ya iso. Ƙafar baya muke kallo da ƙirji. Mutum ba ya sakin hannu sai ya danna ƙafar baya, da ka ga yatsunsa sun nutse a ƙasa sai ka san abu na tafe, ko ka goce ko ka riga shi. Kuma mu ba wanda ya taɓa sa mu gudun titi. Langa muka tashi da ita. In an kai amfani gida, farin wata ya fito, sai dandali. Ka kama ƙafarka ɗaya ta baya da hannu, ka tsaya kan ɗaya, mutum biyu ko uku na neman ture ka, kai kuma kana kare ruwa, wato ɗan wasan da ɓangarenku ke rakawa, har ya isa ya sha. Ka saki ƙafa ka fita, ka faɗi ka fita. A nan ake koyon gocewa. Duk yaron da ya iya langa, in ya shigo dambe ko kokawa ba a shan wahalar koya masa tsayuwa. Yanzu kun bar ta kuna neman igiyar da za ku shimfiɗa a ƙasa.

Lamba Bakwai: Haba Baba, langa kuma? Ai sai 'yan garin gaba su ɗauke mu a waya su watsa a TikTok.

Shugaban Zaure: Ƙanena a sassauta harshe, Baba ya yi jika da kai.

Lamba Bakwai: Tuba nake Baba. Amma dai a ba ni amsa a kan tsanin.

Malamin Wasanni Kazaure: Ranka ya daɗe Baba, ka gama magana. Lamba Bakwai, langar da kake jin kunya ana cin lambar zinare da ita a gasar wasanni ta ƙasa, tare da dambe da kokawa. Kuma ka dubi abin da ke cikinta: tsalle ne a ƙafa ɗaya, ka dira ka sake tashi nan take, ka canja hanya ba shiri, ga mutum a gabanka da ba ka san ta ina zai ɓullo ba. Wani kociyan tsohuwar Tarayyar Sobiyet, Yuri Verkhoshansky, ya yi suna a shekarun 1960 da wani tsari da ɗan wasa zai diro daga kan akwati, yana taɓa ƙasa ya sake tashi sama. Dalilin shi ne a koya wa tsoka da jijiyar agara su karɓi nauyi su mayar da shi cikin ƙiftawar ido. Langa na taɓa wannan aikin, ta ƙara da abokin karawa. Gyara ɗaya zan yi: a riƙa canja ƙafa, don kowa ƙafar da ya fi ji da ita yake tsayawa a kai, ɗayar ta zauna a baya.

Tsani kuma ba haramun ba ne. Yana da kyau wajen ɗumama jiki, kuma yara ƙanana suna koyon sarrafa ƙafa da shi. Amma ka lura da mai yinsa: kansa a sunkuye yana kallon ƙasa, taku gajeru, ba ya tura ƙasa da ƙarfi, kuma ya riga ya haddace inda ƙafa za ta sauka. A wasa wa zai gaya maka inda za ka saka ƙafa? Yaro zai yi wata guda ya zama gwanin tsani, ranar wasa a yanke shi yadda aka saba. In dai sai an yi, Koci ya samo toka ya zana a ƙasa, kuɗin a sayi ƙwallo.

Malama Mai Kimiyya: Salamu alaikum. Ni ba 'yar ƙwallo ba ce, amma ina taya 'yan matan makarantarmu shirin tsere, kuma akwai gwajin da nake yi a aji da zai yi wa Koci amfani. A samo rula mai santimita 30. Mutum ɗaya ya riƙe ta a tsaye daga sama, ɗayan ya buɗe babban yatsa da manuni daidai kan sifili bai taɓa ba. A sake ta ba sanarwa, shi kuma ya cafke. In ya kama a kan santimita 20, ya ɗauki wajen sakan 0.2 ke nan. In ta wuce gaba ɗaya ta faɗi, ya kai wajen sakan 0.25 ko fiye. Abin da za ku gani shi ne tazarar da ke tsakanin yara ba ta da yawa, kuma da an maimaita kaɗan kowa zai ɗan gyaru sannan ya tsaya cak. Wato shi wannan saurin na jijiya zalla ba ya ƙaruwa sosai. Abin da ke ƙaruwa shi ne wanda Tsohon Gola da Baba suka faɗa, sanin abin da za a kalla.

Ɗan Haɗeja: Malama ta tuna mini. A tseren duniya akwai na'ura a jikin abin da 'yan tsere ke dafa ƙafa, tana auna lokacin da mutum ya motsa bayan ƙarar bindiga. Duk wanda ya motsa kafin sakan 0.1 ana ɗauka ya saci tashi, don an ƙaddara ɗan Adam ba ya ji ya amsa cikin ƙasa da haka. A gasar duniya ta 2022 a Amurka, wadda Tobi Amusan ta kafa tarihin sakan 12.12 a tseren tsallake shinge, an kori wani Ba'amurke Devon Allen daga wasan ƙarshe na tsallake shingen maza saboda na'ura ta nuna 0.099. Ku duba fa, kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Shi kuwa Usain Bolt ranar da ya yi mita 100 a sakan 9.58 a Berlin a 2009, tashinsa 0.146 ne, akwai waɗanda suka riga shi motsawa a wannan tseren. A 2011 a Koriya ta Kudu da ya yi gaggawa, korarsa aka yi tun ba a fara ba.

Baban Hanifa: Yawwa, ka ga maganata ta fito. An riga shi tashi amma ya wuce kowa. Baiwa ke nan.

Ɗan Haɗeja: Yaya ai shi mita 100 gare shi da zai rama. Ɗan bayan Koci mita 5 gare shi.

Tsohon Gola: Kuma a lura, su 'yan tsere ƙara suke jira, abu ɗaya tak, kuma sun san gaba za su yi. Kunne ma ya ɗan fi ido saurin kai saƙo. Mu kuwa a ƙwallo ido ne, kuma hanya ba ɗaya ba ce. Shi ya sa ba na son atisayen da kullum koci ne ke hura usur yara su ruga. Ranar wasa wa zai hura maka usur ka bi ɗan gaba? Gara a sa su biyu-biyu. A cika gorar lemo biyu da yashi a ajiye tazarar mita 5, yara biyu su fuskanci juna a tsakani, ɗaya yana ja hagu da dama yadda ya ga dama, ɗayan yana bin sa kada ya kuɓuce masa. Sakan 5 ko 6 a tsaya, a canja. Ga masu tsaron raga kuma, goruba nake amfani da ita. Ka jefa ta kan simintin barandar makaranta, da yake ba zagayayya ba ce ba ka san ina za ta yi tsalle ba, yaro ya cafke kafin ta sake taɓa ƙasa.

Na Barça Har Abada: Duk ku bar wahala, ku nuna musu wasan Barça kawai su ga yadda ake yi.

Lamba Bakwai: Wace Barça? A bari Madrid ta yi magana.

Shugaban Zaure: An fara ko? Duk wanda ya sake kawo Madrid da Barça cikin wannan zance zan cire shi sai bayan sati. A ci gaba Malam.

Baban Hanifa: To ni in ma za a yi wani abu, a kai su rafi su yi gudu cikin yashi. Mu a Jigawa yashi ba saye muke ba. Wanda ya saba gudu a rairayi in ya hau ƙasa mai tauri tashi sama zai yi.

Malamin Wasanni Kazaure: Yashi na da nasa amfani Yaya. Yana ƙara ƙarfin cinya da numfashi, kuma ba ya dukan gwiwa kamar kwalta. Amma sauri magana ce ta yadda ƙafa ke taɓa ƙasa ta bar ta. Manyan 'yan tsere in sun kai ƙarshen gudunsu, ƙafarsu wajen sakan 0.1 take yi a ƙasa. A yashi kuwa ƙafa nutsewa take, ƙarfin da ka tura ya tafi cikin rairayi, sai jiki ya saba da daɗewa a ƙasa. Jin da mutum ke yi kamar zai tashi sama bayan ya fito daga rafi, daɗin sauƙi ne kawai. Don haka aikin sauri a nemi inda ƙasa ta daddale, a share tsidau da ƙarangiya, musamman da yake rabin yaran ba takalmi. In ana son abin da zai ƙara ƙarfin tashin farko, a nemi ɗan tudu, ko gangaren kududdufi inda ƙasa ke da ƙarfi, a hau mita 10 iya ƙarfi a sauko a hankali. Ko a ɗaura tsohuwar tayar babur da igiya a ƙugu a ja. Ta babur na ce, kada wani ya ɗauko ta tirela ya ce ni na faɗa.

Maman Sadik: Ina bin ku tun ɗazu, bari ma'aikaciyar lafiya ta sa baki kafin ku cika mana asibiti. Gudu iya ƙarfi shi ne inda tsokar bayan cinya ke tsinkewa, kuma ga hunturu na shigowa. Yaro ya fito da asuba jiki a sandare, a ce ya ruga, sai ka ji ya dafe cinya ya zauna. Irin wannan rauni makonni yake ɗauka, kuma yana son dawowa in aka yi gaggawa. Hukumar FIFA tana da tsarin ɗumama jiki da ake kira 11+, minti 20 ne, kyauta yake a intanet har da bidiyo, ba ya buƙatar komai sai fili. A cikinsa akwai wanda mutum zai durƙusa, abokinsa ya danne masa idon sawu, shi kuma ya riƙa tafiya gaba a hankali jiki a miƙe har ya kasa riƙewa ya dafa ƙasa da hannu. Bincike ya nuna ƙungiyoyin da suka lizimci wannan suna rage raunin bayan cinya da kusan rabi. A fara da kaɗan, don washegari cinya za ta yi tsami.

Abu na biyu, Koci ka sa ido kan ƙwaya. Akwai yaran da ke haɗiyar tiramadol kafin wasa wai don kada su ji gajiya. Ba ta ƙara wa kowa sauri. Ciwo take rufewa, yaro ya yi ta gudu a kan rauni bai sani ba, ga jiri, ga kamu, wani har farfaɗiya take tayar masa. Sai barci. Yaro ya kwana a gidan kallo ranar wasan zakarun Turai, ya dawo ya kama waya, asuba ka tashe shi gudu. Rashin barci na rage saurin amsawar mutum ƙwarai, ku gwada da rular Malama za ku gani. Wanda kuma ya tashi daga zazzaɓi a bar shi ya murmure, kada a ce ragwanci ne.

Koci Ɗan Taura: Allah ya saka Anti. Maganar gajiya ma akwai wata. Yanzu kaka ce, yawancinsu daga gona suke zuwa fili. Wani ya wuni yankan gero, wani cirar gyaɗa, wani ɗaurin riɗi. Ko ban sa su zagaye ba a gajiye suke isowa. Malam, in kai ne a wurina yaya za ka tsara mako?

Malamin Wasanni Kazaure: To ka ga gona ta riga ta ɗauke maka rabin aikin juriya. In ni ne, gudun asuba zan rage shi zuwa sau ɗaya a mako har a gama kaka, su sami barci. Aikin sauri kuma rana biyu ya isa, a bar aƙalla kwana biyu tsakani, kuma a zaɓi ranar da aikin gona ya fi sauƙi, misali Juma'a da yawanci ba a wuni a gona. Bayan ɗumama jiki a yi tashin mita 10 kamar sau 6, kowanne iya ƙarfi, a dawo da tafiya a huta wajen minti ɗaya. Kada a tashi iri ɗaya kullum: wani daga tsaye, wani daga zaune, wani ya ba da baya sai ya juyo. Kuma a haɗa su biyu-biyu suna tsere zuwa ga ƙwallon da ka wurga, don yaro ba ya fitar da ainihin gudunsa sai ya ga zai ji kunya. Daga nan a yi na Tsohon Gola, sannan langa minti kaɗan.

Abin da aka fi mantawa shi ne birki. Kowa na koyar da tashi, ba mai koyar da tsayawa, alhali wanda bai iya tsayawa ba ba zai iya juyawa ba. Yaro ya rugo mita 10, ya tsaya cikin taku uku gajeru, ƙugu ƙasa, gwiwa na kallon inda yatsu ke kallo, kada ta karye ciki. In ya iya wannan sai a ƙara masa juyi. Duka aikin bai wuce minti 25 ba, daga nan a shiga ƙwallo, uku da uku ko huɗu da huɗu a ƙaramin fili, inda dole kowa ya yi ta yanke shawara cikin matsi. Kuma da ka ga gudun yaro ya fara sanyi, ka tsayar da shi ko da lissafi bai cika ba.

Baban Hanifa: Duk na ji, amma ni sai na gani a ƙasa. Yaya za a san ya yi aiki? Kada bayan wata biyu a zo ana cewa ai an ga canji alhali son zuciya ne.

Malama Mai Kimiyya: Tambayar Baban Hanifa na kan hanya. Agogon waya ba zai raba muku gardama a mita 10 ba, don yatsan mai dannawa kansa yana da nasa jinkirin. Ko a tseren mita 100 ana lissafa cewa lokacin da aka ɗauka da hannu yana gaza na na'ura da wajen sakan 0.24, to ina ga ɗan canjin da kuke nema. Gara a ɗauki bidiyo daga gefe, waya a wuri ɗaya, a zana layin tashi da na ƙarewa da toka, a ajiye. Bayan mako shida a sake ɗauka a wurin, a lokaci iri ɗaya na yini, a kwatanta.

Baban Hanifa: Madalla. Ranar sake ɗaukar ku gaya mini, zan zo da ɗan ƙanena da ke kiwo, bai taɓa atisaye ba a rayuwarsa. In ya wuce yaran Koci kowa ya saya mini tsire.

Tsohon Gola: A miƙe zai iya wuce su. Mu kuma za mu sa shi tsakanin gora biyu ya tare Lamba Bakwai.

Lamba Bakwai: Na yarda, amma a cire ni a langa.

Baba Mai Kara (jikansa ne ke rubutawa): Baba ya ce da kai za a fara. Ya ce in Koci zai turo babur, zai zo da kansa ya nuna musu kamun ƙafa da tureshi, amma sai bayan la'asar don rana na damun idonsa.

Koci Ɗan Taura: Allah ya ƙara girma Baba, Juma'a zan turo yaro ya ɗauko ka. Anti ki turo mini bidiyon nan ta gefe in kin samu dama. Tsohon Gola, gorubar busasshiya ko ɗanya?

Tsohon Gola: Busasshiya. Kuma ka sayo da yawa, don yaran cinyewa suke yi.